Mai na tsiyaya ta bayan ƙafar gaba a Land Cruiser 79: sil kawai zan canja, ko sai an zube nokul gaba ɗaya?

Ɗan_Rairayi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata Land Cruiser 79 ce, mai injin 1HZ, wadda gabanta ke kan sifirin mai naɗi. Ta bayan ƙafar gaba ta dama, wajen ƙwallon aksil, wani baƙin abu mai kauri kamar kunu yana tsiyaya har yana ɓata cikin taya. Ta hagu a bushe take. An ce mini in sayi robar da ke share ƙwallon in canja, magana ta ƙare. Ina son in yi aikin da hannuna, don haka ina neman shawarar masana: robar ta isa, ko sai na buɗe komai? Kuma ina da niyyar ɗaga motar inci 2 in sa manyan tayoyi. Wanne ya kamata ya riga wani?

Mai_Sifana54
Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya ce maka robar baya ce bai leƙa ciki ba. Aikin robar nan da auduganta shi ne hana ƙura shiga da riƙe giris mai kauri. Ba a yi ta don tare ruwan mai ba. A cikin bututun aksil, daidai inda ƙwallon ya fara, akwai ƙaramin sil da ya raba man giya na difaranshal da giris ɗin da ke cikin nokul, wato gidan ƙarfen da ya lulluɓe ƙwallon yake juyawa tare da taya a kwana. Idan ya mutu, man giya ya gangaro ya narkar da giris, su zama wannan kunun da kake gani. Ka canja robar waje sau goma, tsiyaya ba za ta tsaya ba. Kuma ba a kai wa ga sil ɗin nan sai an cire hob, wato cibiyar da taya ke ɗaure a kai, an cire sifindil da hob ke juyawa a kansa, an zaro Birfield, mahaɗin da ke juya taya ko tana kwana, da sandar aksil. Tunda ka kai nan, saura 'yan notina kaɗan kacal ka sauke nokul ɗin baki ɗaya, to ka yi aikin sau ɗaya ka huta.

Kafin ka taɓa komai, buɗe marfin zuba mai na difaranshal ɗin gaba ka tsoma yatsa. In man ya yi ƙasa, ko ya yi toka-toka da kauri, giris ne ya bi ta can shi ma.

Tsohon_Direba
Gaskiya ce. Amma yaro, duba abin shaƙar iska da ke saman aksil tukuna. Laka na toshe shi. Idan aksil ya yi zafi iskar ciki ba ta da mafita, sai ta tura mai ta bakin sil. Sau da yawa shi ne mafarin ciwon.

Ɗan_Rairayi
Na gode Baba. Oga Mai_Sifana54, don Allah a jero mini kayan da zan tanada, kada in buɗe mota in tsaya a tsakiya.

Mai_Sifana54
Ka sayi kit na ɓangare biyu, ko da ɗaya ne ke zuba, don shekarunsu ɗaya. A ciki za ka sami sil na ciki, sil na bayan hob, gasket na takarda, roba da auduga na bayan nokul, boris ɗin kinfin guda huɗu, wato na sama da ƙasa da nokul ke juyawa a kansu, washa mai haƙora ta kulle noti, da ƙananan zobban ƙarfe. Boris ɗin taya sai ka wanke ka gani kafin ka yanke hukunci. In za ka saya, nemi Koyo. Sil na ciki kuwa kada ka yi ciniki a kansa, sayi na Toyota na asali, shi ne mafi arha a cikin kayan kuma shi ne dalilin aikin duka.

Kayan aiki: soket mai lamba 54 don notin hob, soket 10, 12, 14 da 17, filaya ta cire zobe, sandar tagulla da guduma, sifana mai awon ƙarfi, da sikeli mai ƙugiya irin na masu awon nama. Kananzir kamar lita 5 da tsumma mai yawa. Giris iri biyu: mai moli, wato baƙin nan, lamba 2, don Birfield da cikin nokul, ka tanadi kilo ɗaya da rabi, sai giris na boris don taya. Man giya GL-5, 80W-90 ko 90, lita 3 zai ishi gaba.

Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai, kada kuma ka ɗora ta a kan bulo na siminti, yana fashewa ba gargaɗi. Ƙafar ƙarfe ko kututturen itace mai ƙwari, kuma ka sa wa tayoyin baya waigi.

Yadda ake zubewa: juya hob zuwa FREE, kwance ƙananan bol shida na marfinsa. Cire zoben da ke bakin Birfield. Notin jikin hob guda shida suna da washa mai siffar mazurari a ƙarƙashinsu, kuma nan ne mutane ke ɓata aiki. Kada ka soka sukundireba tsakanin fuskokin biyu. Sassauta notin har ya yi daidai da kan ƙusar, ɗora sandar tagulla a kai ka buga, washar za ta yi tsalle ta fito. Sai ka cire kalifar birki ka rataye ta da waya, kada ta rataya a jikin tiyonta. Miƙe haƙorin washa, kwance noti biyu na 54, zaro hob da faifan birki. Kwance sifindil. Juya Birfield har ɓangarensa mai lafe ya dubi sama, shi ne zai fito. Daga nan ka cire tayarod, ka kwance marfin kinfin na sama da na ƙasa.

Bakanike_Agadas
Sannunku da aiki. Abu guda zan ƙara ga maganar maigida Mai_Sifana54. Siraran faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin marfin kinfin, shim, kowane a ɗaure shi da waya a jikin marfinsa, a rubuta sama ko ƙasa, dama ko hagu. A 75 tsohuwa mai sifirin ganye a gaba, shim na sama da na ƙasa su ne ke tsaida nokul a tsakiya. In aka cakuɗa su, sandar aksil ba ta zama a tsakiyar sil, sai ta riƙa cin gefe guda, wata biyu mai ya dawo. Mutum ya ce sil ɗin jabu ne, alhali shi ya karkata shi. Kowace irin mota ce, a mayar da shim inda aka tarar da shi.

Injiniya_Gashuwa
Soket 54 ɗin nan ba abin wasa ba ne. Duk notin hob da ka gani da sara-sara a gefensa, da cizal da guduma aka ɗaure shi, kuma ba yadda za a yi a san nauyin da aka ɗora wa boris ta haka. Ga yadda littafin Toyota ya tsara: a ɗaure notin ciki zuwa Nm 59 a sifana mai awon ƙarfi, a juya hob hagu da dama sau da yawa don boris ya zauna, a sassauta har noti ya juyu da hannu, sannan a sake ɗaure shi kaɗan, wajen Nm 5 zuwa 6. A sa washa mai haƙora, a ɗaure notin waje, sai a maƙala sikeli a ƙusar taya a ja. Ya kamata hob ya fara motsi tsakanin kilo 3 da 5 da rabi. In ya yi daidai, a lanƙwasa haƙori ɗaya ciki, ɗaya waje.

Na kinfin shi ma da sikeli ne, amma kafin a sa roba da auduga, kuma tayarod a cire. Maƙala ƙugiya a ramin hannun sitiyari ka ja: kilo 3 zuwa 4 da rabi. In ya yi sako-sako a rage kaurin shim, in ya yi tauri a ƙara. Notin hannun sitiyari Nm 96. Waɗannan notin ka riƙa duba su bayan kowace doguwar tafiya a hanya mai gargada, don in suka saki ƙusoshin karyewa suke yi, sitiyari ya rabu da taya.

Mai_Sifana54
Injiniya, lissafinka na littafi ne kuma daidai ne. Sai dai da tsohon boris da manyan tayoyi, Nm 6 kan bar taya tana girgiza bayan 'yan kwanaki. Ni abin da nake bi shi ne sikeli, ba lambar noti ba. A ƙara ɗaurin har sikeli ya nuna kusan kilo 5.

Injiniya_Gashuwa
Ba mu saɓa ba ai, Oga. Sikelin ne alƙali. Abin da nake gudu shi ne a wuce iyaka boris ya ƙone. Bayan tafiyar kilomita 20, taɓa hob da hannu: ɗumi ba laifi, amma in ba ka iya barin tafinka a kai, ya yi tsauri. Bayan kilomita 500 a ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga.

'Yar_Mambila
Tambaya a kan giris. Me zai hana a zuba baƙin nan mai moli ko'ina, har boris ɗin taya, a huta da sayen iri biyu?

Bakanike_Agadas
Hajiya, aikinsu ya bamban. Cikin Birfield ƙwallaye ne ke gogar ƙarfe da nauyi mai yawa, moli ke hana su cin juna. Ruleman taya, wato boris, shi gudu yake da zafin birki, an yi mishi nashi giris. Wasu na sa moli ko'ina kuma mota na tafiya, amma abin da maƙerin ya rubuta iri biyu ne. Kuma nokul ba a cika shi maƙil, kashi uku cikin huɗu ake sawa. In aka cika, ba wurin iska, sai giris ya tura sil ya shiga fon, wato gidan difaranshal. Akwai ƙaramin marfi mai kai murabba'i a saman nokul, ta nan ake leƙawa a ƙara in ya ragu.

Tsohon_Direba
Ku koma kan abin shaƙar iska fa, kada a manta da shi. Da damina mota ta yi gudu aksil ya ɗau zafi, sai a faɗa da ita rafi. Ƙarfe ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta bakin sil. Shi ya sa kake buɗe difaranshal ka ga mai ya koma fari kamar madara. Maganin mai sauƙi ne. Cire ɗan marfin da ke kai, ɗaura tiyon mai na milimita 6, bi da shi ta jikin shasi har cikin ɗakin inji sama, ka sa ƙaramar filtar mai ta babur a ƙarshensa, bakinta na kallon ƙasa. Ka bar wa tiyon rara a wajen aksil, don in ƙafa ta faɗa rami kada ya tsinke. A yi wa na baya ma, da giyabos da taransifa.

Ɗan_Rairayi
Allah ya saka da alheri. To maganar ɗagawa da tayoyi fa?

Injiniya_Gashuwa
Gyara nokul tukuna. Duk abin da za ka ƙara, nauyi ne a kan waɗannan boris ɗin.

Inci 2, wato milimita 50, ita ce iyakar da za ka yi a gida ba tare da ka shiga sauye-sauye da yawa ba, amma ko ita tana da abubuwan da ke biyo ta. A 79 aksil ɗin gaba yana riƙe ne da dogayen hannuwa biyu. Da ka ɗaga, hannuwan sun sunkuya, aksil ya ɗan juya, kusurwar kasta, wadda ke maido da sitiyari tsakiya, ta ragu. Alamarsa: sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana, mota na yawo a kwalta kana ta gyara ta. Ana sayar da bush mai rami a gefe da ke maido da wajen digiri 2, sai dai yana saurin cinyewa fiye da na asali, kuma in aka dasa shi a karkace ya ƙara ɓata lamarin. Sandar Panhard kuma, wadda ke hana aksil zamewa gefe, za ta ja aksil gefe ɗaya kaɗan. A inci 2 ana iya zama da shi, in ya wuce haka sai an sa mai daidaitawa.

Abin da aka fi mantawa yana baya. Motocin da ba su da ABS suna da bawul a shasi da ke auna nauyin kaya, yana haɗe da aksil ta wata siririyar sanda. Da ka ɗaga, bawul ɗin zai ɗauka motar ba kaya, ya rage ƙarfin birkin baya ko da ka yi lodi. Sai ka ɗaga maƙalin sandar a jikin aksil da daidai tsawon da ka ɗaga motar. Sannan ka ɗaga shasi har tayoyi su rataya, ka duba tiyon birki gaba da baya. In ya miƙe kamar tsirkiya, a sa mai tsawo. Shokozoba ma dole tsawonta ya dace da sabon sifirin. Ƙusoshin da ke ɗaure sifirin baya da aksil a sa sababbi, a sake ɗaure su bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Duk bol ɗin da ya ratsa bush na roba, kada a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka ta zauna a kan nauyinta.

Bakanike_Agadas
Ni ban ga abin da ɗagawa ke ƙara wa mai tafiyar rairayi ba. Sifirin na ɗaga jiki ne, fon yana nan inda yake, taya kaɗai ke ɗaga shi. Motocin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma, abin da ke kai su shi ne sifirin baya mai ɗaukar kaya da sanin iskar taya. Mota mai tsawo da lodi a sama, in ta karkata a gefen tudun rairayi faɗuwa take.

Taya 7.50R16 da take zuwa da ita, tsayinta kusan ɗaya da 235/85R16, wajen milimita 806. Ita 285/75R16 da kowa ke so wajen 834 ce. Bambancin 28, rabinsa ne kawai ke ɗaga fon, milimita 14. Don wannan ɗan abin ka rage ma 1HZ ƙarfin ja da kashi 3 da rabi cikin ɗari, ga nauyi, ga shan gazuwal, ga agogon gudu na nuna ƙasa da gaskiya. Injin nan ba shi da turbo, dokinsa wajen 130 ne, ba shi da rarar da zai bayar.

Cikin rairayi mai laushi a sauke iska zuwa kilo 1,2 ko kilo 1. Tsawon sawun taya ke ƙaruwa, shi ke ɗaukar mota. Amma a tafi sannu, ba kwana mai kaifi, kuma da an hau dutse ko kwalta a mayar da iska, in ba haka ba gefen taya ya yi zafi ya fashe.

'Yar_Mambila
Kilo 1,2 nawa ke nan a gejin masu faci na nan? Kuma mu namu laka ce da duwatsu a hanyoyin kewayen Gembu, can kam tsayi yana da amfani, don gindin mota da bayanta ke bugun ƙasa a wajen hawa.

Injiniya_Gashuwa
Wajen 17 ne a gejinmu, kilo 1 kuma 14 da rabi. Maganarki daidai ce Hajiya, ƙasa ce ke zaɓar gyara. Mai bin tuddan Yusufari da mai hawan Mambila ba buƙatarsu ɗaya ba. A laka mai ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, doguwar siririyar taya kamar 255/85R16 ta fi mai faɗi, tana yanka ta kai ga tauri. Gargaɗi ɗaya ga masu rim mai zobe da tif a ciki: in iska ta yi ƙasa sosai taya kan zame a jikin rim ta ja tif, ta tsinke bakin bawul.

Tsohon_Direba
Kuma ku guji faifan da ake sawa a bayan rim don tura taya waje, da rim mai fitowa sosai. Nisan da taya ta yi daga kinfin, nauyi ne a kan boris.

Sabon_Shiga
A gafarce ni in na fita daga layi. Tunda an ce injin ba ƙarfi, me zai hana a ɗaura masa turbo?

Mai_Sifana54
Ana yi, amma ka san me ka ɗauko. 1HZ yana fesa mai ne a ƙaramin ɗaki cikin kan inji, matsinsa ya haura 22, kuma fistin ɗinsa ba a yi shi don turbo ba. Toyota da kanta da ta so turbo a lita 4.2 sai ta yi 1HD-T, mai fesawa kai tsaye da fistin mai ƙwari. In aka ƙara mai ba a auna zafin hayaƙi ba, fistin na tsagewa a doguwar hawa ko cikin rairayi. Wanda zai yi dole ya sa agogon zafin salansa da lagireto mai lafiya. Kafin nan ma a duba bel ɗin taimin: tsofaffi kilomita 100,000, na baya 150,000, kuma in ya tsinke bawul da fistin haɗuwa suke. Amma wannan zance ne na wani zaren.

Mu dawo kan nokul. Ɗan_Rairayi, da ka wanke Birfield da kananzir, duba kejin da ke riƙe ƙwallaye shida ko ya tsage, ka duba hanyoyinsu ko sun yi rami. In motar na ƙas-ƙas a kwana idan hob na kulle, ya cinye. Abin da ke fasa shi shi ne a murɗe sitiyari har ƙarshe a taka wuta a L4, ƙaramar giya mai jan ƙafa huɗu, musamman da baya, ko taya na tsalle tana kama ƙasa. Wajen mayarwa, shafa giris a leɓen sabon sil, ka tallafi sandar da hannu biyu, kada haƙoranta su yanki leɓen tun ranar farko. Idan zoben bakin Birfield ya ƙi kaiwa raminsa, ɗaura bol na milimita 8 a ramin da ke tsakiyarsa ka jawo shi waje.

Tsohon_Direba
Bayan an gama, ko da rani ne, ka kulle hob ka yi tafiyar kilomita 16 kowane wata, giya tana H2, wato jan ƙafa biyu. Haka littafin motar ya ce, don mai ya fantsamu ya jiƙa sil da haƙora. Amma H4, jan ƙafa huɗu, a busasshiyar kwalta a'a, 79 ba ta da difaranshal na tsakiya, ƙarfen zai ɗaure kansa.

Ɗan_Rairayi
Na buɗe ɓangaren dama yau. Baba ya yi gaskiya, abin shaƙar iskar a toshe yake da busasshiyar laka. Boris ɗin kinfin na ƙasa ya yi layi-layi a zobensa. Birfield lafiya lau. Sai dai a jikin sandar aksil, inda sil ke zama, akwai zagayayyen layi da farce ke kamawa. Sabon sil zai riƙe a kan wannan?

Mai_Sifana54
In farce na kamawa, a daidai wurin nan ba zai daɗe ba. Kada ka buga sabon sil har inda tsohon ya tsaya, bar shi ya rage kamar milimita 1 zuwa 2, don leɓensa ya sauka a lafiyayyen ƙarfe. Amma ya shiga a miƙe ta kowane gefe, auna da gindin ma'auni a wuri huɗu.

Bakanike_Agadas
Wannan dabara na yi in layin siriri ne. In ya yi faɗi, leɓen na komawa ciki da motsin sandar. Akwai siririn hannun riga na ƙarfe da SKF ke yi, ana sa shi a kan wurin da ya cinye, sai a auna kaurin sandar da kyau kafin a saya. Walda da gogewa kam kada a yarda, zafi na kashe ƙwarin sandar. Ta dama ita ce gajera a wannan motar, in an sami ta asali mai lafiya a kasuwar kayan gyara, canja ta ya fi kwanciyar rai ga mai shiga daji.

Injiniya_Gashuwa
Auna faɗin layin ka faɗa mana, da nisansa daga kafaɗar sandar. Sannan kafin ka zaɓi ɗaya daga cikin biyun, duba bush ɗin tagulla ko boris ɗin da ke cikin sifindil, wanda wuyan Birfield ke kwanciya a kai. In ya buɗe, sandar na rawa, kuma ita ma rawar tana yin irin wannan layin.